Wuni Guda A Gaɓar Tekun Badagry

 

Mu mutanen Arewa saninmu da ruwa bai wuce rijiya da rafi da kududdufin damina ba. Wadda ta ɗan taɓa tafiya a cikinmu ita ce za ta ba da labarin madatsar ruwa ta Tiga ko ta Goronyo, ko ta ce ta ƙetare gadar Jebba ta ga kogin Kwara da idonta. Duk waɗannan ruwaye ne masu tsallake, kina wannan gefe kina hango wancan. Teku kuwa ba a hango ƙarshensa. Abin mamaki shi ne da yawa daga cikinmu sukan je Legas, ko ziyarar dangi ko sarin kaya, su yi mako biyu ko uku, su komo gida ba su ga komai ba sai kasuwar Balogun da cunkoson motoci, alhali ga teku nan kusa da su. Wadda ta ji labarin Bar Beach a bakin iyaye kuwa, in ta je nemansa yau ba za ta same shi ba, domin an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kansa. Sauran wuraren shaƙatawa na bakin ruwa da ke cikin birnin kuma, yawancinsu ga kiɗa, ga cunkoso, ga irin shigar da uwa ba za ta so 'ya'yanta su gani ba.

Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace in ba ku labarin gaɓar Gberefu da ke Badagry, wadda muka ziyarta a hutun watan Disamba na 2024, ni da maigida da yaranmu uku da ƙanwarsa da ke aure a Ojo. Wuri ne shiru wanda iyali za su wuni ba tare da kowa ya takura musu ba. Sai dai shirun nan nasa yana buƙatar uwa ta je da idonta a buɗe, ta kuma je da abin da za ta faɗa wa yaranta.

Hanyar zuwa

Badagry tana can yamma da Legas, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin ta Seme. Daga tsakiyar Legas kimanin kilomita 60 ne ko ɗan fi, amma a ƙasar nan ba a auna tafiya da kilomita, da cunkoso ake auna ta. Saboda haka muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Mun wuce Okokomaiko da Agbara gari bai gama wayewa ba. Daga nan gine-gine suka fara raguwa, bishiyoyin kwakwa da na kwakwar manja suka fara yawaita, iska ta sauya ta zama mai ɗan danshi. Da yake hanyar kan iyaka ce, akwai shingayen jami'an tsaro da dama, don haka yana da kyau kowane babba ya riƙe katin shaidarsa.

Mutanen garin na asali su ne Ogu, waɗanda wasu ke kira Egun. Harshensu ya fi kusa da na maƙwabtansu na Benin fiye da Yarabanci, ko da yake kusan kowa yana jin Yarabancin. Sarkinsu ana kiransa Akran. Sana'o'insu kamun kifi da noman kwakwa da saƙar tabarma da fatauci. Kamar ko'ina a ƙasar nan, ba mu rasa namu ba. A bakin kasuwa muka tarar da 'yan Arewa masu albasa da tattasai, muka gaisa, ɗaya daga cikinsu ya kwatanta mana hanyar titin Marina inda ake shiga jirgi.

Kafin a ƙetare

Garin Badagry ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Akwai wani dogon tafki kwantacce da ya taso tun daga Legas ya wuce har Porto-Novo, shi ya raba garin da siririn tsibirin da teku ke bayansa. A titin da ya bi gefen tafkin nan tsofaffin gine-ginen tarihi suke, kuma shawarata ita ce a fara da su kafin a ƙetare, domin wadda ba ta ga abin da ke cikinsu ba ba za ta fahimci gaɓar da za ta je ba.

Akwai gidan benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Nijeriya. Mu da muka san benayen ƙasa na Kano da Katsina da Zariya mun san cewa na farko ne a irin ginin Turawa kawai. Akwai kuma gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ofishin Turawan mulki, wanda aka gina a 1863. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Seriki Williams Abass.

Labarin mutumin nan abin a yi tunani ne. An kama shi yana yaro a ƙasar Yarabawa aka sayar da shi, ya zama bawan wani mai suna Abass, daga baya ya koma hannun wani ɗan kasuwa mai suna Williams da ya tafi da shi Birazil. Sunayen iyayen gijinsa biyu ke nan ya ci gaba da amsawa. Da ya komo gida, sai shi ma ya shiga cinikin da ya raba shi da uwarsa. Ya yi dukiya, ya zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. A gidan akwai ɗakuna 40 da aka gina don tsare bayi kafin jirgi ya zo. Biyu aka bari a buɗe don baƙi. Ɗakin bai kai girman ɗakin girkin da yawa daga cikinmu ba, tagarsa ɗan rami ne can sama, amma mai yi mana jagora ya ce mutum 40 ake cusawa a ciki, a nan za su ci, a nan za su yi bayan gida, wani lokaci har watanni. Mu bakwai ne da shi muka shiga, ya ja ƙofa na ɗan lokaci, kafin ya buɗe kowa ya jiƙe da gumi.

Ya nuna mana sarƙoƙin wuya da na ƙafa, ya ce in ɗaga ɗaya. Da hannu biyu na ɗaga ta da ƙyar. Akwai ƙanana da aka ƙera daidai ƙafar yara. Ya kuma nuna mana wata tsohuwar laima da wasu tangaraye da kwalabe, ya ce irin kayan da Turawa ke bayarwa ke nan a ba su mutane, laima guda a bakin mutum 40. Ƙanwar maigida ta kama baki ta yi ta salati.

Tafiyar da bayi suka yi

Daga titin Marina aka sa mu a kwale-kwale mai inji. Ƙetarewar 'yan mintoci ce, amma kada wadda ta yarda ta shiga, ita ko ɗanta, ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba. Masu jirgin suna da ita, a tambaya, a kuma ɗaure ta sosai, ba a rataya ta a kafaɗa kawai ba. A daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin a shiga, a karɓi lambar wayar mai jirgin.

Da muka sauka a tsibirin Gberefu sai tafiyar ƙasa, wadda ta ɗauke mu kusan rabin sa'a saboda yara. Hanya ce mai yashi, dama da hagu ciyayi ne da kwakwa da 'yan bukkoki jefi-jefi. Ita ce hanyar da ake koro bayi a cikin sarƙa. A tsakiyar tafiyar akwai wata tsohuwar rijiya da aka yi wa rumfa. Mutanen garin suna cewa a nan ake tilasta wa kowane bawa ya sha ruwa, wanda aka yi wa asiri don ya manta garinsu da iyayensa. Har yau ba mai shan ruwanta. Ko da asiri ko babu, niyyar masu abin a fili take: sun san cewa wanda yake tuna sunan uwarsa da garinsu ba ya bautuwa da sauƙi.

Tun kafin mu ga teku muka fara jin sa. Wani irin ruri ne mai nauyi kamar na hadarin da ke tasowa daga nesa, ba ya yankewa. Autana ya riƙe mini hijabi ya ce, "Umma, jirgin sama ne?" Muna hawa ɗan tudun yashi na ƙarshe sai ga shi a gabanmu. A nan aka kafa wasu ginshiƙai biyu da suka karkata ga juna, alamar wurin da ake kira inda ba a komowa.

Bakin teku

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na sha karanta wa ɗalibaina labarin teku, na sha ganinsa a talabijin, amma tsayuwa a gabansa daban ne. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, kusa da gaɓa kore-kore, can nesa shuɗi mai duhu, ya je ya haɗe da sama. Raƙuman ruwa suna tasowa layi-layi, kowanne ya miƙe ya naɗe ya faɗi da ƙarfi, ya watso farin kumfa ya bi yashi a guje, sannan ya ja da baya. Babu hutu, wani na tafiya wani na zuwa. Idan mutum ya miƙe kudu daga wurin nan a kan ruwa, ba zai sake taka babbar ƙasa ba sai yankin ƙanƙara na ƙarshen duniya.

Yashin mai laushi ne, launin ƙasa-ƙasa mai haske, ya miƙe gabas da yamma babu iyaka, bishiyoyin kwakwa sun yi masa layi ta baya. Ban da mu, sai wasu baƙi huɗu can gefe, da masunta da ke gyaran koma kusa da manyan kwale-kwalensu masu fenti. Babu kiɗa, babu 'yan talla masu naci. Akwai robobi da tsofaffin takalma da ruwa ke kwasowa daga birni yana zubarwa a wasu wurare, amma da muka ɗan matsa gaba muka sami wuri mai tsabta muka shimfiɗa tabarma a inuwa.

Yara ba su ɓata lokaci ba. Suka shiga tsintar ɓawon katantanwa, suna bin wasu ƙananan ƙaguwa masu launin yashi da ke gudu a karkace su faɗa rami kafin a kai gare su. Babbar 'yata ta ɗanɗana ruwan ta tofar tana yamutsa fuska. Na gaya mata a kowace lita guda ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wato wajen cokali biyu na cin abinci, shi ya sa mai shan sa ƙishirwa ke ƙaruwa masa. Na sa suka kafa kara a inda kumfa ke tsayawa. Bayan sa'a biyu ruwa ya wuce karan. Daga nan na yi musu bayanin cikowa da janyewar teku, yadda jan da wata ke yi wa ruwa yake sa shi ya ciko sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cikowa da janyewa sa'a shida da 'yan mintoci. Darasin da zan yi mako ina fama da shi a allo, kara guda ya koyar da shi.

Wani yaro ya hau bishiya ya sauko mana da ɗanyar kwakwa, ya fasa kanta da adda, muka sha ruwanta mai sanyi, muka kankare farin naman da cokalin da ya fere daga ɓawonta. Ni da ƙanwar maigida muka miƙe ƙafa muna hira, iska tana kaɗawa. Rabon da in zauna haka ba tukunya a wuta, ba littafin ɗalibi a hannu, har na manta.

Inda ruwa ya fi kwanciya

A nan nake son kowace uwa ta nutsu ta karanta. Can da hantsi maigida ya hango wani wuri a gabanmu kaɗan inda raƙuman ruwa ba sa fashewa. Dama da hagu ruwa yana ta hauka da kumfa, amma tsakiyar nan lumui, kamar an shimfiɗa tabarma. Kowa ya gan shi zai ce nan ne ya dace yara su ɗan jiƙa jiki. Ya tambayi wani dattijon masunci da ke ɗinkin koma, dattijon ya girgiza kai da ƙarfi, ya dube ni ya ce cikin 'yar Hausarsa, "Alhaja, wurin nan ba kyau. Nan ruwa yake tafiya da mutum." Ya ɗauki busasshen ɓawon kwakwa ya jefa. Muna kallo ɓawon ya miƙe cikin teku kamar ana jan sa da igiya, kafin minti guda ya yi nisan da ba ma iya ganinsa sosai.

Ga yadda abin yake. Duk ruwan da raƙuma suke turowa gaɓa dole ya koma. A ƙarƙashin ruwa akwai tuddan yashi da suke tare shi, sai ya taru ya nemi inda tudun ya tsage, ya bi ta nan da ƙarfi ya koma teku, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi kwararo guda a unguwa. Da yake wurin ya fi zurfi, raƙuma ba sa fashewa a kansa, shi ya sa yake kama da wuri mai lafiya. Alamominsa su ne ruwan ya fi duhu ko ya yi gurɓi da yashi, kuma za ki ga kumfa ko shara suna tafiya ciki maimakon su taho gaɓa. Gudun kwararon nan yakan kai mita 2 da rabi a daƙiƙa guda, wanda ko gwanin ninƙaya na duniya ba ya iya cin gabansa. Kuma ba wuri guda yake zama ba, yau yana nan gobe ya koma can.

Kwararon ba ya danna mutum ƙasa, waje yake jan sa. Abin da ke kashe mutane shi ne firgita da ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, in ya iya ninƙaya ya yi ta gefe, wato ya bi tsawon gaɓa, domin kwararon ba shi da faɗi sosai. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ruwa don ceto in ba gwani ba ne. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a maimakon ɗaya. A yi kururuwa a kira masunta, a jefa masa abin da ke tasowa a ruwa, ko da jarka ce marar komai a rufe. Wanda aka ceto kuma a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, musamman in yana tari ko numfashinsa ya sauya.

Ko a gefen da ba kwararo, tekun nan ba kududdufi ba ne. Gaɓar tana da gangare, taku uku ko huɗu ruwa ya kai ƙirji. In ruwa yana komawa yakan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, babba ma sai ya tangaɗa balle yaro. A cikin raƙuma ƙanana kuma sai babba guda ya taho ba sallama. Mu mata muna da ƙarin haɗari: zani da dogon hijabi in suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Don haka dokar da muka kafa ita ce ruwa kada ya wuce idon sawu, kowane yaro hannunsa cikin na babba, kuma ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya. Kada a ce ai mu da yawa ne, wani zai gani. A ware mutum guda a ce ke ce mai kallon yara yanzu, ba waya, ba hira, in ta gaji ta miƙa wa wata. Wannan doka ta shafi rafi da kududdufi da rijiyar gida da ma bahon wanki da muke bari cike da ruwa a tsakar gida.

Mu da wannan gaɓa

Bayan mun ci abinci, babbar 'yata da ta yi shiru tun daga gidan Seriki Abass ta ce, "Umma, akwai Hausawa a cikin waɗanda aka tafi da su?" Na ce mata akwai, kuma da yawa.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa nahiyar Amurka cikin shekaru sama da 300, kusan miliyan 2 daga cikinsu ba su isa da rai ba. Wannan yanki na gaɓa, daga Legas zuwa Badagry da Porto-Novo da Wida, ya fitar da kimanin miliyan 2. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, da waɗanda suka rusa daular Oyo, sun jefa dubban Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa a hannun fatake, aka yi ta miƙa su daga kasuwa zuwa kasuwa har bakin ruwa. Da yawa an kai su jihar Bahiya ta Birazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807. A watan Janairu na 1835 kuma, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi da 'yantattu Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado. Da aka murƙushe su, an sami takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A asirce suke koya wa juna karatu. Ashe dai ruwan rijiyar mantuwa bai ci kowa ba. Birazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Akwai wata alaƙar kuma. Daga Badagry ne Baturen nan Kyaftin Kilapaton ya kama hanya a watan Disamba na 1825, da yaronsa Richad Landa, da tafintansu wani Bahaushe mai suna Abubakar da Turawa ke kira Pasko, wanda shi ma bauta ce ta fitar da shi daga gida. Sun bi ta Oyo da Busa, suka isa Kano a 1826, suka wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda tun a 1824 suka tattauna da shi kan hana fitar da bayi zuwa gaɓa. Kilapaton ya mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Tafiyar da ta ci musu watanni, ita ce a 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar mota mai tsawon kilomita 1,068 don haɗa ta, daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Badagry.

Ban ɓoye wa yarinyar ɗaya gefen ba. Bature ya saya, amma ba shi ya shiga ƙauyuka ya kamo ba. Namu ne suka kamo, namu suka sayar, cikinsu har da masu salla. A ƙasar Hausa kanta an yi kasuwannin bayi, kuma doka ba ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Yaran da aka gaya wa rabin labari sukan tashi suna ganin mugunta halin wasu mutane ne can, ba abin da zai iya fitowa daga gidan kowa ba.

'Yan'uwa, cinikin mutane bai mutu ba, kamanni ya sauya. A 2003 sai da Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da fataucin mutane. A 2017 duniya ta ga hotunan 'yan Afirka ana gwanjonsu a Libiya. Kusa da mu kuma, wace ce ba ta san dillaliyar da ke zagaya ƙauyuka tana kwasar 'yan mata ƙanana zuwa aikatau a birane ba, uwa ba ta san gidan da 'yarta take ba, kuɗin wata ne kawai ke iso ta? Wace ce ba ta ji labarin wadda aka yi wa alƙawarin aiki a ƙasar waje, da ta isa aka karɓe fasfonta ba? Duk a cikin ruwan sanyi ake yin su, da murmushi da daɗin baki. Kafin ki miƙa 'yarki, ki san gidan, ki san mai gidan, ki san ranar da za ki gan ta. Ke kuma da 'yar wani ke yi wa aiki, ki tambayi kanki ko tana zuwa makaranta, ko tana cin abin da 'ya'yanki ke ci, ko yaushe rabonta da uwarta.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina teku ya fi tashi, hanya kuma ta fi wahala. Ranakun aiki sun fi ƙarshen mako da ranakun bukukuwa shiru. A tafi da abinci da isasshen ruwan sha da tabarma da laima da kayan canji na yara, da kuɗi a hannu, domin a tsibirin ba a dogara da shago. A sa takalmi mai sauƙi, yashin yana zafi da tsakar rana. Tsofaffi da masu juna biyu su auna tafiyar ƙasan nan kafin su ƙetare. A je da namiji babba ko biyu, kada a yi nisa da inda masunta suke, a kuma gaishe su a tambaye su halin ruwa a ranar, sun fi kowa sani.

Game da salla, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai a ɗebo a buta a koma tudu. Teku yana kudu, don haka in kika sa shi a hannun damanki kina fuskantar gabas ke nan, sai ki ɗan karkata hagu ki sami alƙibla. A kwashe duk shara a komo da ita. A ƙetaro tafkin da sauran rana, kada a yarda duhu ya yi ana kan ruwa, ga kuma cunkoson hanyar Legas yana jira.

Wadda Allah ya kai ta Legas, ta roƙi maigida ya ware wuni guda don wannan tafiya. Kuɗin da za a kashe bai kai na ankon biki guda ba, yara kuma za su daɗe suna ba da labari. Allah ya tsare mana zuri'armu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa ba su komo ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.